Odell Hargrave da Kafaɗa Marar Ƙashi

Shekara talatin da ɗaya Odell Hargrave ya yi yana haɗa kujeru a masana'anta, amma a garinsu da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka da banda aka san shi. Duk taron shekara na cocinsu shi ke kan ramin gashi, yana kyafa kafaɗun alade tun asuba har yamma. Wajen mahaifinsa ya koya, ƙa'idar tsohon kuma ɗaya ce: ka murɗa ƙashin kafaɗa, in ya zaro sumul, nama ya yi.

Shekarar da aka ɗora ƙanwarsa Vernell a kan kwamitin abinci, ya buɗe kwalin da mahauci ya aiko, ya ɗauko kafaɗar alade ɗaya, sai ta baje masa a hannu kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Vernell, ina ƙashin?"

"Ni na ce a zare, Yaya. Ya fi saurin nuna, ga sauƙin yagewa. Bara sai ƙarfe uku mutane suka ci."

"Wani ya mutu?"

"Saura kaɗan fasto ya mutu."

"To da me zan san ya yi?"

Ta zaro ma'aunin zafi daga jakarta, sabo fil, ta miƙa masa. Ya dube shi, ya dube ta, ya tura shi aljihu.

Kafaɗa goma sha takwas ya ɗaure da zare, ɗaya bayan ɗaya, da yatsun da sanyin ƙashi ya riga ya kama, yana yi yana tsaki. Duk da haka gefunan suka riƙa zamewa suna neman ƙonewa, ya wuni a tsaye yana juyi. Wajen sha ɗaya, da ya ga babu mai kallo, ya ciro abin nan ya soka wa nama. Ransa ya ƙara ɓaci, don ma'aunin bai yi ƙarya ba.

Ƙarfe ɗaya aka zuba abinci. Odell ya coge a bakin rumfa, yana jiran mutum ɗaya tak da zai ce naman bana ya bushe. Aka cinye tas. Wata tsohuwa da ta ci gashin mahaifinsa ta dogaro sanda ta zo ta riƙe masa hannu.

"Ɗan nan, bana ka fi ubanka."

Vernell na gefe tana goge tire, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, ka yi godiya mana."

Ya yi, ciki-ciki. Sati biyu bai ɗaga wayarta ba.