Gurbin Inna a Motar Madina

Ni ba mai son fita ba ce, duk layinmu a Hindawiyya an san haka. A bar ni a tsakar gida da tabarmata da butar shayi, a ba ni wadda zan yi hira da ita, to an gama mini komai. Shi ya sa idan na tuna shekarar da mutanen layinmu suka ɗauki hayar mota zuwa Madina nakan rasa inda zan sa kaina, don tafiyar da na yi wa wata rowarta, ni ko damuwa da ita ban yi ba.

A Makka aka haife ni, kakannina ne suka zo. Maigidana kuwa da ƙafa ya zo yana yaro, shi da uwarsa. Shekaru suka yi a hanya suna tsintar auduga a Sudan, uban ya rasu a can, daga baya suka tsallako teku daga tsibirin Sawakin a jirgin katako. Uwar nan tasa ita muke kira Inna. Ƙofar ɗakinta na kallon tawa.

Inna ta fi shekara ashirin a Makka ba ta taɓa zuwa Madina ba. Da farko babu hali, wankau take yi tana ciyar da marayu. Da yaran suka tasa kuma ƙafa ta ƙi, ba ta iya doguwar tafiya, ba ta iya zaman raƙumi. Ba ta taɓa roƙon kowa ba. Amma duk wanda ya dawo daga ziyara sai ta je ta zauna kusa da shi, ta riƙa tambaya: ta wace ƙofa kuka shiga, daga ina ake fara hango garin? Ni mai kunne ce, karatu ne ban yi nisa ba. Na san abin da ke ran tsohuwar nan kamar yadda na san inda gishirina yake.

A watan Rajab mutanen Makka kan tafi ziyara. Wannan shekarar, 'yan shekaru bayan babban yaƙin Turawa, mazan layinmu suka haɗa kai, teloli da masu ga-ruwa da masu dakon kayan alhazai a Mina, suka ce tunda motocin jigilar alhazai zaune suke in ba lokacin Hajji ba, bari a ɗauki guda. Suka samo wata babbar lori mai benci a baya, an rufa mata tamfol. Direban wani Balarabe ne mai gajeren haƙuri. Ya zo ya auna bencin da tafin hannunsa a gabansu, ya ce kowane gida mutum uku, ko ɗan tsako ba zai ƙara ba, don hanyar rairayi ce, mota in ta yi nauyi nutsewa take yi.

Maigidan ya shigo da la'asar ya ce, "Gurbi uku aka ba mu. Ni, da ke, da Inna. Ki je ki gaya mata."

Dalilin da bai je da kansa ba, shi ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana son ya ji magana sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin can tulun nan ya tsage," alhali yana zaune taku uku daga inda take. Duk wata magana tsakaninsu ta bakina take bi.

To ni kuma ina da yaya a unguwar Misfala, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu. Tun da aka fara ƙishin-ƙishin motar ta ce mini, "In an sami gurbi kar ki manta da ni." Sai na zauna ina lissafi a raina. Kwana biyu ko uku a hanya, cinya na gogar cinya. A gaban suruka ba na cin abinci, ba na miƙe ƙafa, ba na dariya har haƙori ya fito. Da yayata kuwa, ai kafin mu kai Jidda mun gama da duk matan unguwa. Abin da na auna ke nan, ba wani abu mai nauyi ba.

Na sami Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa. Maimakon in ce an ce ki shirya, yadda aka aiko ni, sai na ce, "Inna, wai an ɗauki mota za a Madina. Ko za ki?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Na ji yadda ta ja numfashi.

"Ni? Ina ni ina mota, 'yar nan. Ku yara ku je, ku yi mana addu'a."

A wajenmu babba ba ya amsa tayi da fari. Sai ya ƙi, a sake, ya kawo uzuri, a ture uzurin, in abin babba ne a aika masa sa'arsa ta je ta ce, haba, kada ki ba yara kunya. Sannan ya ce to, tunda kun matsa. Larabawan da muke maƙwabtaka da su ma suna da irin nasu, balle mu. Uwata ta koya mini wannan tun ban iya ɗaura zani ba. Ba zan ce haihuwar Makka ce ta sa ban sani ba.

Na ce, "To, Inna," na miƙe da sauri kafin ta ƙara wata kalma.

Maigidan ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta ba."

"Haka ta ce?"

"Wallahi haka ta ce."

Ya daɗe yana kallona. Rantsuwata gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Ya ce, "Ki sake taɓa ta." Na ce zan sake. Washegari na aika wa yayata ta shirya, shi kuma na ce masa Inna tana nan a kan bakanta.

Kwana shida suka rage, kuma duk abin da ya faru a kwanakin nan a kunnena ya faru. Na ji ta wanke farin zaninta na Idi, ta buga shi da taɓarya har ya kwanta. Na ji ta ba maƙwabcinmu baduku takalminta ya ɗinke. Na ji tana begen Annabi ƙasa-ƙasa tana daka. Duk sanda takuna ya nufo ƙofarta sai ta yi shiru tana jira, ni kuma in wuce madafa kamar wuta na je dubawa.

Ranar tafiya, bayan an fito sallar asuba gari ya fara haske, motar ta tsaya a bakin layi tana ruri. Na leƙa in yi sallama. Inna na zaune a bakin gado cikin farin zanin, ta sa kwalli, takalmin na gabanta a jere, ga ƙunshi a gefenta an ɗaure tsaf.

Na ga duk wannan. Na ce, "Inna, mun tafi."

Ta dube ni, ba ta daɗe ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A bakin mota mata na hawa ta baya, an ja labule tsakaninmu da maza. Akwai wata tsohuwa mai waina, sa'ar Inna, muna ce mata Gwaggo, bakinta ba ya da linzami. Ta riga ta zauna ta rungume kwandonta. Ta ga na hau, ta ga yayata ta hau, sai ta leƙa bayanmu.

"Ina tsohuwar taku?"

"Ta ce ba za ta ba, Gwaggo."

"Ta ce. Wa kuka aika mata?"

Na shiga gyara mayafina.

"Ke nake tambaya, mai baki kamar gidan rediyo, yau kuma kin zama kurma? Ni ce sa'arta a layin nan, ba wanda ya zo mini. Sau nawa kika tambaye ta?"

"Sau ɗaya."

"Sau ɗaya! Albasa kika je saye? Matar da ta zo ta ari allurata shekaranjiya tana dashen mayafi?"

Labulen nan yadi ne kawai, na san maza sun ji, na san maigidan ya ji. Yayata ta juyo ta ce, "Ke, a gurbin tsohuwa kika ɗora ni? Kin cuce ni, wallahi kin cuce ni." Ta tattara mayafinta ta dira. Gwaggo ta ce a riƙe mata kwando, ita ma ta sauka da ƙyar. Direba ya buga ƙofar motar yana ihu, "Yalla ya jama'a, rana za ta same mu a hanya!" Gwaggo ta ce masa, "Usbur, yi haƙuri, ɗan nan, ranar ba taka ba ce," ta wuce. Na bi su a baya kamar akuyar da aka kama a gonar mutane.

Muka tarar Inna ta riga ta sauya. Ta mayar da tsohon zaninta, tana sharar tsakar gida.

Gwaggo ta ce, "Ajiye tsintsiyar nan, ki tashi mu tafi. Yarinya ce ta yi wauta."

"Wace wauta? Ta tambaye ni na ce ba ni zuwa. Me ya canza?"

Yayata ta durƙusa ta ce, "Inna, ban sani ba. Ga gurbinki, ni na fasa."

"A sauke baƙuwa a gaban jama'a don in hau? Ba a gidan nan ba. Tashi, 'yata."

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce, "Inna, to ga nawa. Ni dama ba na son tafiya."

"Mace ta zauna a gida, tsohuwa ta bi mata miji yawo? Me za a ce da ni a layi?" Ta ci gaba da shara. Wannan ƙin ba irin na farko ba ne, kowa a wurin ya ji bambancin. Gwaggo ma ba ta ƙara ba.

Maigidan na tsaye a bakin zaure ya ba mu baya. Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli ta miƙo mini. Ta ce, "Ga ɗan guzuri na yi muku. In kin isa gaban Manzo, ki ce masa wata baiwar Allah daga Hindawiyya tana gaishe shi." Sannan ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin can ya rufe kansa, rana da zafi a hanya."

Hirar da na yi wa wannan aika-aikar ban samu ko kalma ɗaya daga cikinta ba. Yayata ta juya mini ƙeya har Madina. Amai na riƙa yi tun daga bayan Jidda, Gwaggo ce ma take riƙe mini kai tana cewa, "Zubar, zubar, ko nauyin zai ragu." Sau biyu mota ta nutse a rairayi, maza suka sauka suna tura ta suna shimfiɗa mata tabarmi. A zango na farko na kwance ƙullin Inna. Dakuwa ce da soyayyiyar gyaɗa da 'yar busasshiyar gurasa, daidai cikin mutum ɗaya mai ƙaramin ci. Na kasa kai ko ɗaya bakina, na miƙa wa matan da ke kusa.

Na isar da gaisuwar. Na tsaya inda mata ke tsayawa, na faɗa yadda ta ce, kalma da kalma. Da na zo tawa gaisuwar sai na rasa ta inda zan fara. Mutane na kuka don daɗi, ni ina kuka, wata Bamisriya har tana dafa ni tana cewa Allah ya karɓa.

Maigidan bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a hanya ko a gida. Na so ya yi faɗa. Inna kuwa da muka dawo ta karɓi dabinonta ta sa albarka, ta zauna kusa da Gwaggo tana tambayarta ta wace ƙofa aka shiga. Ni ba ta tambaye ni ba.

Shekarar da ta biyo ba a ɗauki mota ba, maza ba su daidaita da direban ba. Ta bayanta aka ɗauka. Wannan karon ban jira an aiko ni ba, na je na durƙusa sau uku a kwana uku, na aika Gwaggo, na aika matar liman. Inna ta ce to, tunda kun matsa. Sai dai a cikin shekara biyun nan yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, ko hannunta ba ta gani sai dai ta san rana ta fito.

Ni na zauna kusa da ita a benci. Na ci abinci a gabanta, don ni nake ba ta a hannu. Da aka fara hango gari mutane suka ɗauki salati, sai ta damƙe mini hannu.

"An gan shi?"

"An gan shi, Inna. Ga ƙubbar can."

"Koriya ce da gaske?"

"Koriya ce."

"Irin wane kore?"

Ni da ban taɓa ganin daminar ƙasarsu ba, na duba duk abin da na sani. Na ce, "Kamar ganyen lalo in an wanke shi, Inna. Ya ɗan fi shi duhu."

Ta jinjina kai ta ce, "Alhamdu lillahi."

Da muka sauka ina jan ta zuwa ƙofar mata, na ga in ban faɗa a nan ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, "Inna, waccan shekarar, ni ce na..."

Ta ce, "Riƙe ni da kyau, 'yar nan. Ina jin akwai matakala a gaba."

Akwai kuwa, guda biyu. Na riƙe ta muka hau.