Farcen Baba Direba

Wa ke yanke wa tsoho farcen ƙafa idan bayansa ya daina sunkuyawa? Ni dai ban taɓa tunanin haka ba, ga shi kuwa ni ke jagorantar masu ziyara a cocinmu. Duk Asabar muna zaga unguwa da shinkafa da sabulu, ba ma tambayar kowa addininsa. Na san yawan gidajen, na san yawan sabulun, har kujerun da muka gyara ina ƙirgawa. Ƙafafu ne ban taɓa kallo ba.

Mama Tela ce ta buɗe mini ido. Ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki har ido ya gaji, ta bar wa 'yarta shagon. Maigidanta ya daɗe yana jinya, ita ke jiƙa masa ƙafa a robar ruwan ɗumi ta yanke farce, shi kuwa yana mita wai kada ta yi masa yankan yadi. Da ya rasu ta kife robar a bayan ƙofa, ta shigo cikinmu, ta ce hannunta ya rasa aikin yi.

Akwai wani tsoho da muke kai wa kaya, Baba Direba. Da can kullum yana rumfar tasha tare da abokinsa na tuƙi, sai ya daina fita. Ran nan ya ce mana ɗan abokin zai zo ya tafi da ubansa wani gari mai nisa, ƙila ba za su sake haɗuwa ba. Na ce to ya je su yi sallama mana, tasha ai ga ta nan. Ya ce sai dai wani lokaci. Na ajiye sabulu na miƙe, don akwai sauran gidaje.

Mama Tela ba ta tashi ba. Ta ga takalminsa a ƙarƙashin gado har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, ga safa a ƙafarsa cikin wannan zafi. Ta aike ni in ɗora ruwa.

"Baba, cire safar nan."

"'Yar nan, abin ba kyan gani."

"Na ga wadda ta fi taka muni, kuma na aure ta."

Dariya ta ƙwace masa, ya miƙo ƙafar. Farcen ya yi kauri ya lanƙwashe cikin nama, ba takalmin da zai shiga. Ta jiƙa, ta riƙa yanka a hankali, yana ba ta labarin hanyoyin da ya bi. Da ta gama ba ta saki ƙafar nan da nan ba. Ta riƙe ta cikin tawul, idonta a kan ruwan. Ni ma na daina duba agogo.

Da yamma na raka shi tasha da takalminsa a ƙafa. Abokin ya hango shi, ya ce ashe tsohuwar motar nan tana tashi. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, na bar su.

Robar Mama Tela yanzu tana cikin kayan ziyararmu, kuma ita kaɗai ke ɗaukarta. Idan ka je gaida tsoho a makon nan, don Allah ka dubi takalminsa, sannan ka ɗora ruwa.