Laifin Shamuwa

A Dar Salam, can bayan Omdurman, da an idar da magariba kakarmu takan jawo murhun gawayi tsakar gida ta ɗora gahawa, mu kuma mu kewaye ta. Habboba muke ce mata, kamar sauran yaran unguwa. A gonakin audugar Jazira ta ƙarar da ƙarfinta, kuma ba ta tatsuniya a banza. In ta fara, to akwai wanda take nufi.

Yammacin da ba na mantawa, da damina ne. Ƙanwata Sakina na kwance, amai da gudawa sun tsotse ta har idanunta sun faɗa. Yaran layinmu da yawa haka suke. Magana kuwa ta riga ta zaga gari: wai Inna Halima ce, mai ƙosan da ta tare a unguwar ba da jimawa ba, ba miji ba ɗa. Wai duk yaron da ta shafa wa kai sai ya kwanta. Maza sun taru a ƙofar gidanmu suna jiran Baba, su je su watso mata kaya waje. Ina jin muryoyinsu ta bayan katanga. Ni ma ta sha shafa mini kai, ta kuma yi mini gyara.

Baba ya ɗauki sanda. Habboba ko kallonsa ba ta yi ba, sai ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Ga wata nan ta taso muku, ya wilad, yarana."

"Ta iso mu ji," na amsa ni kaɗai.

Ta ce a wani ƙauye zazzaɓi na kwasar yara duk shekara. Wani mai saurin baki ya ce shamuwa ce, ai tana sauka yara ke kwantawa. Aka bi ta da jifa, aka wargaza sheƙunanta. Shekara ta zagayo, ba shamuwa ko ɗaya, zazzaɓi ya zo abinsa. Sai wani manomi ya yi shekaru yana lura, ya ce duk sanda ruwa ya kwanta a kwatami zazzaɓi zai biyo baya, bai taɓa saɓawa ba. Aka ce don me? Ya ce oho. 'Yarsa ce ta bi diddigi. Ta ga a ruwan sauro ke ƙyanƙyashewa, ta ga masu kwana cikin gidan sauro sun fi tsira, ta ga mutanen kan tudu lafiya lau. Duk ta inda aka ɓullo wa maganarta, sai ta tsaya daram.

"Na farko zato ya yi, kuma zato ba zunubi ba ne," in ji Habboba. "Zunubin shi ne jifa kafin tambaya. Na biyu ya san yaushe. Ta ukun ta san don me. Kai uban Sakina, wanne ke hannunka da har ka ɗauki sanda?"

"Haba Inna! Yarinya na mutuwa, kina zancen tsuntsu?"

"To kalas, shi ke nan. Je ka layin masallaci, inda Halima ba ta taɓa takawa ba. In yaransu lafiya suke, ni zan riƙe maka sandar. Ka kuma tambaya wa ke kawo musu moya, ruwan da suke sha."

Baba ya tsaya yana huci. Na ɗauka ba zai saurare ta ba. Can sai ya yi wurgi da sandar ya fita, ya ce wa mazan su dakata ya dawo. Gahawa ta tafasa har ta ƙone ba wanda ya sauke ta. Numfashin Sakina kawai muke ji.

Da ya dawo fuskarsa ta sake. Yaran layin masallaci ma a kwance suke, kuma amalanken jaki guda mai ganga, wanda muke ce wa karo, shi ke kawo mana ruwa mu da su. Ya saɓi Sakina sai asibiti. Ta tashi, yanzu har ta aurar da 'ya.

Yau kimiyya nake koyarwa. Ɗalibai kan ɗauka abubuwan nan uku tsani ne, hasashe ya girma ya zama nazariyya, nazariyya ta girma ta zama doka. Nakan ce musu a'a. Hasashe zato ne mai jiran gwaji. Doka tana faɗin abin da ke faruwa kullum, nazariyya kuma tana bayyana dalilinsa bayan ta sha gwaji, kuma ɗaya ba ta rikiɗewa ta koma ɗaya. Sukan ce na cika zafi a kan na farkon. Gaskiyarsu, ina da zafi.

Mazan nan ba su jira Baba ba. Yana karya kwana suka wuce gidan mai ƙosan. Kafin gaskiyar ta zagayo daga layin masallaci, Inna Halima ta ɗaure abin da ta iya ɗaurewa ta fita daga unguwar. Baba ya yi ta cigiyarta a kasuwanni har ya rasu, don ya roƙe ta gafara, bai sami ko wanda ya ga inda ta nufa ba.