Ranar da Zdravko ya shiga gidan bakin teku

Maƙwabcina Zdravko direban bas ne a da. Ya tsufa yana kai baƙi tsohon gidan attajirin nan da ke bakin teku, amma ƙafarsa ba ta taɓa wuce ƙofa ba. In baƙi sun shiga, sai ya jira su a mota.

Kafin ya ajiye aiki matarsa ta rasu, 'yarsa kuma tana aure a Jamus. Wata Lahadi ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya nufi gidan.

Rumyana mai sayar da tikiti ta yi dariya. "Kawu Zdravko, yau kai ne baƙon? Ina fasinjojin naka?"

"Kaina kaɗai na ɗauko yau," in ji shi.

Ya bi ayarin wasu baƙi ɗaki-ɗaki, ana yi musu bayani da harshen da ba ya ji. Ya ga dogon teburin cin abinci, da gadajen da aka kewaye da igiya. A barandar sama, inda teku ya shimfiɗu iya ganinka, ya juya zai ce wa wani "Duba!", sai ya ga kowa na tare da nasa. Wasu mata da miji suka miƙa masa waya ya ɗauke su hoto.

Da ya dawo na tambaye shi labari.

"Gida ya yi kyau," ya ce. "Zo ka zauna mana, in dafa mana kofi."

Na zauna. Har kofin ya huce yana ba ni labarin barandar.