Sisin da Na Ba Baƙo

Ni ne mutumin da bashi ya mutu masa, aka binne, ya tafi da ƙafarsa ya tono shi. Na tambaya a Tudun Wada, na tambaya har Tudun Jukun, ban sami wanda ya taɓa yin irin wannan ba.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, ina saurayi, na karɓi bandir shida na yadin akoko bashi a wani kantin Bature kusa da tasha. Na zaga ƙauyuka na sayar, na haɗa kuɗin na sayi keken ɗinki. Niyyata in biya, Allah ya sani. Ina cikin niyyar ne kantin ya rufe, Baturen ya koma ƙasarsu. Na yi masa addu'ar sauka lafiya da zuciya ɗaya.

Shekara tara ina taka keken nan a zaurena. Shi ya yi mini aure, shi yake ciyar da mu. Ban da shi ba ni da gona, ba ni da jaki.

Wata rana wani dattijo ya yi sallama, laima a hannu, littafi a hammata. Ya ce wani akawu a Sabon Gari ya sayi littattafan bashin tsohon kantin, shi kuma aikinsa bin sunayen da ke ciki gida gida. Ban san ana sayen bashi ba sai ranar. Na san ana sayen gero. Na ce ya dawo jibi, zan yi tunani.

Maƙwabcina masinja ne a kotun Joji, alƙalin Turawa. Na same shi yana cire rawani na gaya masa.

"Shekara nawa?" in ji shi.

"Tara."

"To, ya mutu. A dokar Bature, bashin da ya wuce shekara shida ba a taɓa shi ba, Joji ba ya saurarensa. Amma ka riƙe uku: kada ka ce ka sani, kada ka biya ko anini, kada ka dangwala yatsa a kan komai. Maimaita."

Na maimaita kamar karatun allo, wanda shi ma ban yi nisa a cikinsa ba.

Mai ɗakina ta ji mu daga soro. Da na shiga ta ce, "Malam, a dokar Bature ya mutu. A kabari dokar wa ake bi?" Na ce mata miyarta na ƙonewa.

Dattijo ya dawo. Na ce, "Baba, ni ban san wani kanti ba. Akoko ma sai dai in gan shi a jikin mutane." Akwai bandir guda a bayana lokacin. Ya duba shi, ya dube ni, ya ce, "Allah Sarki." Bai yi faɗa ba. Ya zauna a tabarma yana kallon yadda nake ɗinki, ya yaba wuyan wata taguwa, ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Haka ya yi zuwa uku. Ni ina musu, shi yana "Allah Sarki". Har na fara jin daɗin hirarsa.

Zuwa na huɗu rana ta take, ya iso gumi sharkaf. Mai ɗakina ta dama masa fura ya sha. Ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe, zai gaya wa maigidansa babu komai a nan. Daɗi ya kama ni. Na tashi na raka shi, don a gidanmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, balle mai furfura. Kuma ba a raka dattijo hannu sake. A bakin rumfar mai aski na zaro sisi na ce, "Baba, ga na goro."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini addu'a mai tsawo. Sannan ya buɗe littafi.

"Malam, taimake ni. Maigidana ba ya yarda da kowa. In ya ga sisi a aljihuna zai ce na ci kuɗinsa. Ɗan taɓa nan, ya san kai ka ba ni."

Na tuna da masinja sarai. Amma na ce a raina, ai wannan ba bashi ba ne, wanke dattijo ne. Kuma, in faɗi gaskiya, ba a taɓa neman yatsana a takarda ba, ga mai aski da mutum biyu suna kallo. Na dangwala da kyau, har na juya shi don ya fito sosai.

Kwana takwas sammaci ya zo. Maƙwabcin nawa ne ya kawo shi da hannunsa. Ya miƙo mini ya ce, "Uku na ce maka. Uku kacal."

Na ce, "Ai na riƙe ɗaya."

A kotu tafinta ya karanta abin da ke saman yatsana: na biya sisi daga cikin bashin akoko, saura na nan tafe. Na ce goro ne. Joji ya tambaya yatsan wa ne. Na duba, babu mai irin wannan faɗin sai ni. Tafinta ya ce wanda ya biya wani abu daga tsohon bashi ya tashe shi, an koma lissafi daga ranar. Fam huɗu ba sisi. Sun cire mini sisina, a nan kam sun yi adalci.

Ba ni da fam huɗu, ban ma san wanda yake da su ba a layinmu. Aka ce a ɗauki keke.

Ranar da suka zo, dattijon ne a gaba da 'yan dako biyu. Akwai wandon mai aski a kan keken, ƙafa ɗaya ba a gama ba. Ya jira na cire shi, na naɗe zare. Mai ɗakina ta tsaya a bakin soro tana kallona, abin da ya fi mini ciwo. Daga ranar na koma allura da hannu, shekara biyar, shi ya sa idona ya zama yadda yake.

'Yan dako suka ɗora keken a ka suka fita. Dattijo ya ɗauki laimarsa. Ban san lokacin da na sa takalmi na bi bayansa ba. Muka yi tafiya har rumfar mai aski. Nan ya tsaya, ya juyo ya dube ni, babu dariya a fuskarsa.

"Malam," in ji shi, "gida arba'in na shiga da littafin nan. Kai kaɗai ka raka ni."