Maharbin da ke Mirgina Harsashi

A rumfar wani maƙeri a kasuwar Jega, wani dattijon maharbi yana tsugune, idonsa na hagu a kanne kamar har yanzu saiti yake yi. Yana mirgina harsasan dalma ɗaya-ɗaya bisa uwar maƙera, duk wanda kansa ya lotse sai ya ture shi gefe.

"Baba, aikina lahiya lau shike," in ji maƙerin. "Kai ka danna su da ƙarhi wajen ɗuri."

Dattijon bai musa ba. Yana shafa kan wani lotsattse da babban yatsa. Da gani, ya taɓa wuni yana bin jinin barewa bai same ta ba.

"Narka su," ya ce. "Kashewa nika yi, ba ni barin dabba da rauni."