Koriyar Ƙofar Baba Direba

Kafinta ake ce masa a layin, har matarsa ma haka take kiransa idan ta so tsokana. Tun yana yaro yake shaƙar garin katako, kuma abin da ya tara a duniya bai wuce gida ɗaya ba: shago a gaba, ɗakunansa a tsakiya, sai wani ciki da falo mai ƙofa ta bakin titi. Ƙofar nan shi ya yi ta tun hannunsa bai faɗa ba, ya shafa mata koren fenti. Ta ɗan karkace, sai an tallafa mata da gwiwa take rufuwa.

A nan Baba Direba da matarsa Inna suka daɗe suna haya. Baba ya ja motar haya har gashinsa ya yi fari, babu hanyar da bai sani ba, amma da tsufa ya zo sai mantuwa ta kama shi. Wani lokaci har Inna yakan duba ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Duk da haka kullum da hantsi sai ya fita yawo yana jan silifa, ya zaga inda zai zaga, ya dawo layin, ya nufi koriyar ƙofa. In ya zo wucewa ta shago sai ya leƙa.

"Kwandasta, mota ta cika?"

"Saura mutum ɗaya, Baba."

"To ni ne. Ja mu tafi."

Ana cikin haka mijin babbar 'yar Kafinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'yanta. Wurin kwana ya gagara, sai a shago ake yi musu shimfiɗa tsakanin katakai, ƙaramar cikinsu kuma ta fara tari saboda ƙura. Wa'adin hayar su Inna ya kusa cika, don haka Kafinta ya sanar da ita tun da wuri cewa ba zai sabunta ba. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Wa'adi ya cika ya wuce, ko cokali Inna ba ta ɗaure ba. In ta hango shi sai ta sake hanya. Maƙwabta suka yi ta ba shi shawara, wani ya ce ya kai ƙara, wani ya ce ya yanke musu ruwa. Matarsa ta ce kunyarsa ce za ta kwantar da jikarsa a asibiti. Shi ma ya san gaskiya ta faɗa.

Ranar da ya daure ya yi sallama, ya tarar da Inna tana yanke wa Baba farce. Ba ta bari ya gama kame-kame ba.

"Ba ɗaki na rasa ba, ɗan nan. Ƙanena ya ba mu wuri a bayan kasuwa. Amma in na raba shi da ƙofar nan, da me zai gane gida?"

Kafinta ya yini yana juya maganar, har dabara irin ta masu sana'arsa ta faɗo masa. Ranar tashinsu ya kwance ƙofar, ya ɗora ta a kan kaya, ya je ya kafa ta a sabon ɗakin, har karkacewar bai gyara ba. Baba ya shafa ta, ya sa gwiwa ya rufe, ya nemi wuri ya zauna. Inna ta yi ta sa albarka tana share hawaye. Shi kuwa ya dawo da farin ciki, ya yi wa 'yarsa sabuwar ƙofa mai sheƙi.

Ba a jima ba, wata safiya Inna tana wanki, Baba ya fita. Ƙafarsa ba ta san bayan kasuwa ba, tsohon layi ta kai shi. Kafinta ya tafi sayen katako, shago a rufe. Telan da ke tsallaken titi ya ce ya ga tsohon ya tsaya gaban sabuwar ƙofar ya daɗe yana kallo, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake tsayawa. Bai ƙwanƙwasa ba. Daga nan ya miƙe ya nufi babban titi. Telan ya zaci an zo da shi ne gaisuwa.

An duba asibitoci, an je wurin 'yan sanda, an bi tasha-tasha da hotonsa. Tsofaffin direbobi suka yi ta cigiya a hanyoyin da ya taɓa bi. Shiru.

Babu wanda ya ɗora wa Kafinta laifi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Wata rana ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi bayan kasuwa. Inna ta gan shi ta gane abin da ya kawo shi. Ita ta riƙe masa kusoshi yana kwance ƙofar. Ya mayar da koriyar ƙofa inda take, ya jingine sabuwar a lungun shago. 'Yarsa ta koyi rufewa da gwiwa.

Yanzu kullum da hantsi Inna takan zo ta zauna a bencin da ya ƙera mata gefen ƙofar, sai rana ta take tsaka ta koma. Kafinta ya juya teburin aikinsa ya fuskanci titi, ya daina zuwa sayen katako da safe. In ya ji ana jan silifa a ƙasa, sai ya ɗaga zarto ya saurara, har mai tafiyar ya wuce.